Me zan rubuta a madadin "An samu matsala"?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne mai rubuta manhaja. Na yi wa wata ƙungiyar 'yan kasuwa manhajar waya da mambobi ke biyan kuɗin zubi da ita. Duk abin da ya lalace, saƙo ɗaya nake nunawa: "An samu matsala, a sake gwadawa." Yanzu wayata ba ta hutawa da kira. Yaya ake rubuta saƙon da mutum zai gane ba sai ya neme ni ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin mu zo kan kalmomi, buɗe kod ɗinka ka duba inda wannan saƙo yake fitowa. Ina kyautata zaton wuri ɗaya za ka tarar, can ƙasa, inda ka sa layin da ke kama kowace irin matsala. Netwok ya ɗauke, nan matsalar ke zuwa. Kuɗin asusu bai kai ba, nan. Sabarka, wato kwamfutar da manhajar ke aika wa buƙata, ta faɗi, ko banki ya yi shiru, ko mutum ya rubuta lamba tara maimakon goma, duk nan. Tunda ka tara su wuri guda, babu wata magana da za ta zama gaskiya a kan dukkansu sai "an samu matsala". Ko wa ka ɗauko cikin gwanayen Hausa ba zai iya gyara maka saƙon ba, domin manhajar ce ba ta san abin da ya same ta ba. Aikin farko naka ne na mai kod: ka raba matsalolin, kowacce ta iso fuskar waya da sunanta da dalilinta. Rubutun saƙon shi ne mai sauƙin.

Ka ɗauka ka ba yaro dubu ashirin ya kai wa mai shago, ya dawo ya tsaya a gabanka ya ce an samu matsala. Ba za ka ce masa ya sake gwadawa ba. Abin da zai fara fita daga bakinka shi ne "ina kuɗin?" Daga nan sai "me ya faru?", sannan ka san abin yi. Masu kiran ka a waya waɗannan tambayoyin suke yi maka, kuma kowane saƙo da za ka rubuta aikinsa ya amsa su kafin a tambaya. Tun 1994 Jakob Nielsen, masanin tsara manhaja, ya sa wannan cikin ƙa'idojinsa goma na sauƙin amfani da manhaja: saƙon kuskure ya zo da harshen da mutane ke ji, ya nuna ainihin matsalar, ya kuma ba da mafita. Ni dai a manhajar kuɗi nakan sa halin da kuɗin yake ciki gaba da komai, domin wanda hankalinsa ya tashi a kan dubu ashirin ɗinsa ba zai karanta layi na biyu ba sai na farko ya kwantar masa da shi.

Ga misali. Mamba ta danna "Biya" alhali datarta ta ƙare, buƙatar ko barin wayar ba ta yi ba. Rubuta mata: "Ba a cire kuɗi ba. Wayar ba ta haɗe da intanet. A duba data, sannan a sake danna Biya." Idan kuma asusun ne bai kai ba: "Ba a cire kuɗi ba. Abin da ke asusun bai kai N20,000 ba. A ƙara kuɗi ko a zaɓi wani asusu." Dubi yadda mafitar ta bambanta. A ta farko sake gwadawa zai yi amfani, a ta biyu ko sau ɗari ta danna ba abin da zai canza. Saƙonka na yanzu yana tura su biyun su yi abu ɗaya, shi ya sa ta biyun take kiran ka.

Inda gizo ke saƙar shi ne hali na uku, kuma a nan zan daɗe. Manhajarka ta aika wa banki umarnin cire kuɗi, ta jira daƙiƙa talatin, amsa ba ta dawo ba. Me ya faru? Ba ka sani ba. Mai yiwuwa umarnin bai isa ba. Mai yiwuwa ya isa, an cire kuɗin, amsar ce ta ɓace a hanyar dawowa. Yawancin masu koyo sukan rubuta "Biyan bai yiwu ba, a sake gwadawa", wanda ba gaskiya ba ne, zato ne aka faɗa kamar tabbas. Baiwar Allah za ta yarda da kai ta sake dannawa, bayan minti biyar alat biyu su shigo mata, dubu arba'in sun fita. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS ya ga takarda ta fito da cewa an ƙi, alhali wayarsa ta yi ƙara an cire, ya san irin cacar bakin da ke biyo baya.

Wannan kuskuren na faɗin abin da ka umarta a matsayin abin da ya auku ya girme mu duka. A ranar 28 ga Maris 1979, a tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke jihar Pennsylvania a Amurka, wani bawul mai rage matsin tururi ya buɗe ya ƙi rufuwa. A ɗakin sarrafawa akwai fitilar da ma'aikata suka ɗauka tana nuna musu ko bawul ɗin a rufe yake. Ashe abin da take nunawa kawai shi ne an aika masa umarnin ya rufe. Suka yi ta aiki bisa wannan zato sama da awa biyu, ruwan da ke sanyaya injin yana ta zurarewa, har wani sashe na cikinsa ya narke. Fitilar ba ta lalace ba, aikin da aka sa ta take yi. Wanda ya tsara ta ne ya bar ta tana ba da labarin umarni, mutane suna karanta shi a matsayin labarin sakamako.

To kai a naka ƙaramin aikin, idan ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba tukuna, kuma ka hana mutum yin abin da zai cutar da shi: "Ba mu samu tabbaci daga banki ba tukuna. Kada a sake biya. Muna dubawa, za mu sanar da ku a nan da zarar mun ji." Sai dai wannan saƙon alkawari ne, kuma kod ne zai cika shi. Dole kowane biya ya samu lambarsa ta musamman tun kafin ya bar wayar, yadda ko an aika shi sau biyu sabarka za ta gane abu ɗaya ne, ta ƙi cirewa karo na biyu. Dole kuma akwai wani aiki a bayan fage da zai riƙa komawa yana tambayar banki ko kamfanin da ke karɓar maka kuɗi makomar wannan lambar, har a samu e ko a'a. A fuskar wayar kuwa, biyan ya zauna cikin jerin biye-biyen mamba da alamar "ana jira", maɓallin Biya ya kulle a kan wannan zubin. Wato halaye uku za ka tanada: ya yi, bai yi ba, ba a sani ba tukuna. Manhajar da ta san biyu kawai dole wata rana ta yi wa wani ƙarya. Sannan kada ka rubuta "kuɗin zai dawo cikin awa 24" in ba kai ke mayarwa ba. Lokacin da ba a hannunka yake ba, kada ka ɗauki alkawarinsa.

Idan kana karɓar biya ta kati, amsoshin da ke dawo maka lambobi ne na tsarin ISO 8583 da bankuna ke magana da shi tsakaninsu. 00 an amince, 51 kuɗi bai isa ba, 55 lambar sirri ba daidai ba, 54 kati ya ƙare aiki, 61 an wuce iyakar abin da aka yarda a cire, 91 bankin mai katin ko hanyar zuwa gare shi ba ta amsawa. Wannan 91 ɗin ne ke fitowa a takardar POS da Turancin "Issuer or switch inoperative", wanda ko mai digiri sai ya tsaya ya yi tunani. Ka yi teburi guda a cikin kod, kowace lamba da saƙonta na Hausa da abin da mutum zai yi. Ga 61 ka ce an kai iyakar da banki ya yarda a cire, a rage adadin ko a tuntuɓi bankin. Ga 91 ka ce matsalar daga ɓangaren bankin take, a duba ko an cire kuɗi kafin a sake. Mai wuyar sha'ani ita ce 05, domin banki ya ƙi ne kawai bai faɗi dalili ba. Kada ka ƙirƙiro masa dalili. "Bankinku bai amince da wannan biyan ba, kuma bai faɗi dalili ba. A gwada wani kati ko a tuntuɓi bankin." Iyakar abin da ka sani ke nan, kuma ya ishi mutum ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Kuskuren cike fom ya fi sauƙi, amma a nan aka fi wulaƙanta mutane. Lambar asusun banki a Najeriya goma ce, BVN da NIN sha ɗaya-sha ɗaya, lambar waya ma sha ɗaya in an fara da sifili. Idan mutum ya rubuta tara, kada ka ce "lamba ba daidai ba". Ka ce "Lambar asusu goma ce, an rubuta tara", ka sa saƙon a ƙarƙashin gurbin da abin ya shafa, kuma ka bar masa abin da ya rubuta a wurin ya ƙara guda ɗayan. Babu abin da ke sa mutum ya jefar da waya kamar ya cike gurbi takwas, ya kuskure ɗaya, manhaja ta share duka. Yawancin abin da ake kira kuskuren mai amfani ma lalacin mai kod ne. Wani ya rubuta lambar waya da tazara tsakanin lambobi, wani ya fara da +234, wani ya kwafo ta daga WhatsApp da ragowar fili a ƙarshe. Layi biyu na kod sun isa su gyara waɗannan ba tare da an nuna wa kowa jan rubutu ba. Idan kuma cikin mambobin akwai 'yan Maradi ko Damagaram, lambarsu takwas ce bayan +227, kada fom ɗinka ya ce musu lambarsu ba lamba ba ce.

Sai sunaye. Sa'idu, Mu'azu, Asma'u, Ja'afar, Rabi'atu. Ka tabbata gurbin suna yana karɓar 'yar alamar (') da ke cikin waɗannan sunayen, yana kuma karɓar ƙ da ɗ da ɓ. Akwai manhajoji da yawa da aka kwafo musu ƙa'idar tantance suna daga wani wuri, sai su ce wa Asma'u sunanta ba ingantacce ba ne. Wannan ba gyaran saƙo yake so ba, cire ƙa'idar za ka yi. Kafin a tura kuɗi kuma, ka nuna sunan mai asusun da za a tura wa, kamar yadda manhajojin banki ke yi. Kuskuren da mutum ya gani da idonsa ya gyara ba ya buƙatar saƙo.

Game da lafazi, Hausa ta ba ka abin da ya dace da wannan aiki. Ba ka san ko namiji ne ko mace ke riƙe da wayar ba, kuma in ka rubuta "ka" ga hajiyar da ta haife ka, ka yi rashin ladabi biyu a lokaci guda. Yi amfani da "a": a duba, a sake, ba a cire ba. Inda dole sai ka ambaci mutum, "ku" ta wadatar. Wannan "a" ɗin tana kuma ɗauke zargi. "Ba a rubuta lambar waya ba" da "Ba ka rubuta lambar waya ba" labari ɗaya suke bayarwa, amma na biyun yatsa yake nunawa. Ka guji raha. Fuskar dariya da "kash!" suna iya wucewa a manhajar wasa, amma wanda kuɗinsa ya maƙale gani zai yi kana masa ba'a. Ban haƙuri kuma ka ajiye shi sai inda laifin naku ne, kamar faɗuwar saba. In kowane saƙo ya fara da "yi haƙuri", kalmar ta tashi daga aiki.

Akwai wata illa da ba a cika lura da ita ba: saƙon da ba ya cewa komai yana koya wa mutane su daina karantawa. Tsakanin 1985 da 1987, na'urar gashin ciwon daji mai suna Therac-25 ta ba marasa lafiya shida a Amurka da Kanada hasken da ya ninka abin da aka rubuta musu sau da yawa, wasunsu suka rasu. Na'urar takan nuna kalmar "Malfunction" da lamba, daga 1 zuwa 64, littafin da aka ba ma'aikata kuma bai bayyana ma'anar lambobin ba. Saƙonnin suna fitowa a kai a kai, yawanci ba tare da wata illa ba, har ma'aikata suka saba danna harafin P su ci gaba. A garin Tyler na jihar Texas a 1986, lamba 54 ta fito, allon yana nuna kamar hasken da aka bayar bai kai ba, ma'aikaciyar ta danna P kamar kullum. Binciken da Nancy Leveson da Clark Turner suka wallafa a 1993 ya nuna kurakuran kod da na tsari masu yawa, amma saƙon yana cikinsu: gargaɗin da ya shafi rai da wanda bai shafi komai ba kamarsu ɗaya. Taka manhajar ba ta kashe kowa, amma halin ɗan Adam ɗaya ne. Idan hoton mamba ya ƙi buɗewa ka tare masa allo da jan akwati, ranar da za ka ce "kada a sake biya" a cikin irin wannan akwatin zai danna ya wuce bai karanta ba. Ƙananan matsaloli su zauna a gefe cikin ƙaramin rubutu, ko manhaja ta sake gwadawa da kanta shiru. Tare allo na abin da ya shafi kuɗi ne ko asarar aiki.

Wannan ba ya nufin ka zubar da lambobi. Lamba tana da amfani matuƙar akwai mai fassara ta. Lokacin da kumbon Apollo 11 ke sauka a duniyar wata a Yulin 1969, kwamfutarsa ta nuna 1202, Neil Armstrong ya nemi a gaya masa ma'anarta. A cibiyar kula da tafiyar da ke Houston akwai wani matashin injiniya, Jack Garman, da ya riga ya rubuta jerin lambobin gargaɗin da hannu ya ajiye a gabansa, nan take aka ce su ci gaba. Kai ne Garman na mambobinka. A ƙasan kowane saƙo ka sa gajeriyar lambar shaida, wadda ka rubuta irinta a log, wato kundin da manhaja ke ajiye wa kanta abin da ya faru. Mutanenmu hoton allo suke ɗauka su turo ta WhatsApp, ko su karanto maka a waya cikin hayaniyar kasuwa. Don haka lambar ta zama gajera, kada ka haɗa sifili da harafin O ko 1 da l a cikinta, kuma saƙon ya tsaya har sai mutum ya rufe shi da kansa. Irin wanda ke leƙowa daƙiƙa biyu ya ɓace, kafin a ɗauki hotonsa ya tafi.

Cikakken bayanin fasaha, sunan fayil da layin da ya karye da amsar rumbun bayanai, wurinsa log. Kada ya fito fuskar waya ko kaɗan. Mamba ba zai gane ba, ɓarawon intanet kuwa zai gane sarai. A wurin shiga manhaja ma akwai inda ake rage bayani da gangan: ka ce "lambar waya ko kalmar sirri ba daidai ba", kada ka faɗi wacce, don kada wani ya zauna yana gwada lambobi yana gano su waye mambobi. Amma in saura gwaji ɗaya a kulle asusu, faɗa masa tun kafin ya yi. Kuma kada ka taɓa rubuta kalmar sirri ko cikakkiyar lambar kati a log.

Tunda wasu mambobin ƙaramar waya gare su, wataƙila za ka aika musu sakamako ta tes. Ga abin da zai ci maka kuɗi in ba ka sani ba. Tes guda yana ɗaukar harafi 160 ne idan duk haruffan suna cikin jerin GSM na asali. Ƙ da ɗ da ɓ ba sa ciki, alamar ₦ ma ba ta ciki. Da zarar ɗaya ta shiga, saƙon gaba ɗaya ya koma wani tsarin da ke ɗaukar 70 kacal, sai abin da ka zaci tes ɗaya ne ya zama uku, a wasu tsofaffin wayoyin kuma haruffan su fito akwati-akwati. A cikin manhaja ka rubuta Hausa da ƙugiyoyinta yadda ya kamata. A tes kuwa ni nakan haƙura da su, in rubuta N a madadin alamar naira, in zaɓi kalmomin da ba za su rikice ba in an cire musu ƙugiya. USSD, wato irin lambobin da ake dannawa da * da #, shi ma iyakarsa harafi 182 a shafi guda. Wannan matsin yana da amfaninsa, domin yana tilasta maka ka sa labarin kuɗin a jimlar farko. Launi kuma kada ka dogara da shi shi kaɗai. Ƙa'idojin WCAG, na sauƙaƙa wa masu nakasa amfani da shafukan intanet, sun hana hakan saboda masu matsalar bambance launi, mu kuma muna da ƙarin dalili: fasasshen gilashi a tsakiyar rana, ja da baƙi duk ɗaya suke.

Kai da kanka ka san daɗin saƙo mai kyau in kana rubuta kod da harshen Python. Kafin fitowar Python 3.10 a 2021, in ka buɗe baka, wato alamar "(", ka manta rufe shi, sai ta nuna maka wani layi can gaba ta ce rubutun bai inganta ba, ka yi ta lalube. Yanzu takan kai ka kan bakan da ka buɗe ta ce ba a rufe shi ba. Kuskuren bai canza ba, lokacin da kake ɓatawa ne ya ragu.

Ba sai ka gyara komai a mako ɗaya ba. Fara da sa wa wancan layin mai kama komai ya riƙa rubuta ainihin dalilin kowace matsala a log, ka bar shi ya yi kwana bakwai. Za ka ga 'yan dalilai kaɗan ne ke kawo yawancin kiran, su za ka fara rubuta wa saƙo. "An samu matsala" zai ci gaba da zama a can ƙarshe don abin da ba ka taɓa gani ba, amma ka ƙara masa halin kuɗin da lambar shaida da hanyar samun ku. Sannan ka gwada da hannunka: danna Biya, ka kashe data kafin amsa ta dawo, ka ga abin da allon zai ce da abin da sabar ta rubuta. Danna Biya sau biyu da sauri. Rufe manhajar ana tsakiyar biya ka sake buɗewa. Bayan haka ka ɗauki wayar ka je wurin ɗaya daga cikin dattawan ƙungiyar, ka nuna masa saƙon ba tare da ka yi masa bayani ba, ka tambaye shi abu biyu: an cire kuɗin ko ba a cire ba, kuma me zai yi yanzu. In ya juyo yana tambayar ka, koma ka sake rubutawa.